Rigar da Na Kalmashe wa Labbo

Ni Lantana tela, ni na goyi Labbo, don haka kada wani ya zo yana faɗa mini wai ƙanena gajere ne. Na sani! Tun a garinmu Kwatarkwashi, in ya jera da tsaransa sai ka ce ƙanin wani ne ya biyo su. Amma wannan ɗan tsurut ɗin ya fasa gindin kwandon Inna, ya ɗaure a jikin tsamiya, yana wuni yana jefa ƙwallo ciki. Inna ta zane shi. Washegari ya fasa wani.

Da ya zo sakandare Gusau, wurina ya zauna a Tudun Wada. A nan wani koci ya gan shi, ya tafi da shi wani kulob na ƙwallon kwando a Kaduna, ana biyansa albashi kamar kowane ma'aikaci. Na je na gani da idona. Ƙattai kamar turakun lantarki, shi kuwa ta ƙarƙashin hammatarsu yake sulalewa, kafin su waiwaya ƙwallo ta faɗa raga. Fili ya ɗauka, "Labbo! Labbo!" Ranar na yi guɗa har muryata ta dushe.

Abu ɗaya ne, kulob ɗin ba su taɓa ɗinka riga daidai shi ba. Duk ta ƙattai ce, in ya sa sai ta sauko masa gwiwa. Ni yake kawo wa. Ranar farko na ɗauki almakashi, ya riƙe mini hannu.

"Yaya, kada ki yanke, kayan kulob ne. Kalmashe kawai."

Haka na yi ta kalmashe masa riguna shekara da shekaru. Ta ƙarshen, ja mai lamba huɗu, suka bar masa ranar da ciwon gwiwa ya ajiye shi.

Ya dawo da mata da 'ya'ya, ga gonar gida ba ta nomuwa saboda 'yan bindiga. Ɗaki ɗaya na ba su. Mutumin da fili ke kiran sunansa, wai shi ne ke jira in sauke tukunya. Aiki yake nema ido rufe.

Sai muka ji wani Alhaji Shehu ya buɗe makarantar kuɗi a hanyar Bungudu, ya zuba filin ƙwallon kwando, yana neman koci. Na ce to, Allah ya kawo. Umar ɗan baffanmu, mai sayar da rake a Tsafe, shi ya ɗauki Labbo a babur. Umar sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, amma ƙwallo ko a mafarki bai taɓa riƙe ta ba.

Suna isa Alhaji ya miƙe, ya wuce Labbo kamar bai ga mutum ba, ya kama hannun Umar.

"Masha Allah! Ka ga koci!"

"Ranka ya daɗe, ga shi nan," in ji Umar. "Ni rakiya na yi."

Labbo ya ɗauki ƙwallo. Ya ɗingisa tsakiyar fili ya jefa, ta shiga. Ya sake, ta shiga. Alhaji har da tafi.

"Malam Labbo, na gani. To amma iyayen yara ba jifa za su gani ba, hoton da zan kafa a bakin titi za su gani. Wa zai kawo ɗansa wurin kocin da ɗalibi ya fi shi tsawo?"

Jama'a, ku ji fa! Umar aka ba aikin, kuma ya karɓa. An ce shi ma yana da iyali. Oho, ni dai ban yafe ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, kullum da la'asar sai ga shi a tsakar gidana, Labbo na koya masa dokokin wasa, wai kada yaran mutane su tashi da shirme.

Ana jibi bikin buɗe fili Umar ya yi sallama, yana ta sosa ƙeya. Wai Alhaji ya ce dole koci ya fito a hoto da rigar kulob ta gaske. Labbo ya shiga ɗaki, ya fito da jar rigar, ya ɗora a kan keken ɗinkina.

"Yaya, warware masa."

"Wallahi ba da hannuna ba!"

Sai ya ɗauki reza da kansa, saura kaɗan ya keta ta. Na fizge. Ina hawaye ina tsinke zaren da ni na ɗinka, har rigar ta sauko da tsawonta na asali.

Umar ya zura. Cif ta zauna masa, kafaɗa da tsawo, kamar an gwada shi.

Labbo ya daɗe yana kallon lamba huɗun a ƙirjin Umar. Sannan ya ce, "Yaya, ashe dama tasa ce."