Azarar Gidan Surukin Baffa

Mu huɗu ne muka yi tafiyar: Baffana, ƙanen mahaifina, wanda riƙon gidanmu na Daura yake hannunsa, da maginin da ya saba yi mana yaɓe duk shekara, da direban a-kori-kurar da muka ɗauka shata, sai ni, da na gama jami'a ina jiran tafiya hidimar ƙasa. Wadda aka yi tafiyar dominta, kakata Inna, mahaifiyar Baffa, tana gida. Wanda muka nufa kuwa surukin Baffa ne, mahaifin matarsa, wani dattijo a wani ƙauye da ke gaba da garin Babban Mutum.

Ɗakin Inna shi kaɗai ne soron ƙasa da ya rage a gidanmu, sauran duk sun koma bulo da kwano. Bara rufinsa ya fara lotsawa. Baffa ya kawo shawarar kwano, Inna ta ce ita ba gurasa ba ce da za a sa ta a tanda. A ɗakin nan aka kawo ta amarya, a cikinsa take so ta ƙarasa. Azara kuwa, wato tsagaggen itacen giginya da ake jerawa a kan bango kafin a zuba ƙasar rufi, ta yi wuya a Daura. Ana cikin haka surukin Baffa ya aiko cewa ya rushe wani tsohon ɗaki, azararsa na nan jibge, a zo a kwasa kyauta. Da jin wannan saƙo magini ya kware rufin Inna, aka bar bango a buɗe sai zana da aka yafa masa, aka mayar da ita ɗakin matar Baffa, da niyyar a rufe kafin ruwan farko.

Ana idar da sallar asuba muka tashi. Inna ta leƙo daga ƙofa ta ce mini, "Maigida, ka sha boko har ka ƙoshi, yau ga ka ɗan dako." Na ce mata dakon ɗakin amarya ba abin kunya ba ne. Ta ce in wuce in ba ta wuri.

Hanyar Zango tana da kyau in an ɗebe wasu ramuka da direba ya san su kamar 'yan uwansa. Tun da aka ƙaddamar da shari'a, in ji shi, ya ajiye kaset ɗin kiɗa ya koma na wa'azi, amma na lura da yatsunsa suna kaɗa sitiyari ko da malamin yana maganar kabari. A Zango muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya fi na Daura girma, ya kuma fi shi barkono. A Baure muka sha mai a hannun 'yan bumburutu, kuɗin galan ya ɗara na gida, saboda kusa da iyaka mai yana da masu nemansa ta ɓangare biyu. Ko'ina manoma na sharar gona, amalanke na kai taki, gabas kuma ta fara yin duhu-duhu da hantsi. Giginyar da na gani a tsaye 'yan kaɗan ne. Kututtura sun fi yawa.

Bayan Babban Mutum muka bar kwalta muka shiga yashi. Sau biyu muka sauka muka tura.

Tun daga nesa da ƙofar gidan surukin nasa, Baffa ya cire takalmi. Mutumin da a Daura ake jin muryarsa daga zaure har madafa, a nan ya durƙusa, kai a ƙasa, yana gaisuwa kamar mai ciwon maƙogwaro. Dattijon idonsa ya yi rauni, da murya yake gane mutane. Aka kawo fura da nono, daga baya dambu. Ni da magini da direba muka ci muka ƙoshi. Baffa ya ce alhamdulillahi, ko ruwa bai kurɓa ba, domin a wajenmu namiji ba ya cin abinci a gaban surukinsa.

Zauren dattijon ya isa a yi tafiya dominsa. Rufinsa ɗaurin guga ne, an jera azara a kusurwoyi tana hawa kan juna har ta haɗe a tsakiya, ta yi baƙi tana sheƙi don tsufa. Waje ana zafin bazara, ciki kuwa sai ka ce bakin rijiya. Da yake ni jika ne a wajensa, ba ni da takunkumin Baffa, sai na yi masa tambayoyin da abokaina kan yi in an ambaci ginin ƙasa.

Game da daɗewa, ya ce mahaifinsa ne ya rufe zauren, shi kuma bai taɓa sauya azara ko ɗaya ba. Game da gara, ya ce ba ta iya namijin giginya, musamman gindinsa, amma macen taushi gare ta, in ta samu danshi gara na cinye cikinta ta bar ɓawo. Da na tambayi yoyo sai ya yi dariya ya ce, "Soro ba ya yoyo, mai soro ne yake yoyo." Nufinsa, duk shekara sai an hau an yi yaɓe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, an share indararo, wanda ya yi kasala shi ruwa zai tayar daga barci. Ya ƙara da cewa ba a faɗaɗa ɗaki fiye da abin da azara za ta iya ɗauka. Mai son fili sai ya kafa ginshiƙi ko ya yi baka, wato lanƙwasasshen tokari mai ɗaukar rufi. Tsadar soro, a cewarsa, ba wajen ginawa take ba, wajen riƙo take.

Bayan azahar aka kai mu bayan rumbu. Azarar na kwance a ƙasa, yashi ya rufe rabinta, da alama ta sha damina a wurin. Magini ya zaro ƙaramin gatarinsa ya doki ta farko da ƙeyarsa, domin da ƙara ake gane mai lafiya. Kafin ya kai ga ta biyu Baffa ya riƙe masa hannu.

"Malam, me kake yi haka?"

"Alhaji, azara ba a saninta da ido."

"A gidan surukina za ka ƙwanƙwasa kyauta? Bari sai mun je gida."

Dattijon, da ke tsaye da sanda a gefe, ya ce, "Wa ke sara a nan?"

Baffa ya ce, "Ba komai, Baba, ƙasa ake kakkaɓewa."

"To, ku zaɓa son ranku, wadda ba ta yi ba ku bar ta."

"Ai duk abin da Baba ya bayar zaɓaɓɓe ne."

Haka muka loda guda arba'in, ba a sake taɓa gatari ba. A hanyar dawowa ko sau ɗaya ba mu kafe a yashi ba. Direba ya ce motarsa ba ta taɓa ɗaukar itace tana murna haka ba. Babu wanda ya yi dariya.

A Babban Mutum muka ga wani mai sayar da azara ya jingine sababbi, jajaye, masu nauyi. Magini ya ce a sayi ko da kaɗan ne don kandagarki. Baffa ya dubi kasuwar ya ce rabin mutanen nan sun san surukinsa. Kafin magariba labari zai kai cewa kyautar ba ta isa ba, har sai da aka cika da saye. Muka wuce. A Baure Baffa ya sayi rogo da ƙuli ya ci a tsaye, abincinsa na farko tun koko.

Washegari da safe magini ya bi azarar ɗaya bayan ɗaya a ƙofar gida. Mai lafiya tana amsawa da ƙara mai kauri, sauran kuwa sai ka ji kamar an doki ƙwarya, wata ma gatarin ya shige ciki gari ya zubo. Tara ne suka tsira, ba za su rufe ko kusurwa biyu ba. Ban ga laifin dattijon ba: ya bayar da abin da ya sani shekarun baya, idonsa bai nuna masa abin da ƙasa ta yi ba.

Komawa Babban Mutum ita ce hanya mafi sauƙi, amma dalilin da ya hana saye jiya bai gushe ba. Baffa ya aika garin Mashi a bincika masa azara. Kafin amsa ta zo, wata la'asar hadari ya taso daga gabas, aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Zanar da aka yafa wa bangon iska ta ɗauke ta. Bangon ƙasa in ruwa ya shige shi ta ka, ba ya jira. Na gabas ya zauna, ya ja rabin na kudu.

Yanzu an tayar da wurin da bulo, an buga kwano. Inna ta koma ciki, amma da rana tabarmarta na ƙarƙashin darbejiya. Ba ta yi wa Baffa faɗa ba. Da ta ji yadda aka yi, cewa ta yi, "Da ka ƙwanƙwasa, da ni ka kunyata." Sannan ta ce a kawo mata mafici. Baffa kuma ya aika wa surukinsa goro da godiya, da saƙon cewa azara ta iso lafiya.

Abin da na koya a tafiyar nan ba shi da yawa. Kada a kware rufi sai azara tana ƙofar gida, an kuma ji ƙararta. Wanda kunya za ta ɗaure wa hannu, ya zauna a gida ya aiki wanda ba ta ɗaure ba.

Abin da aka rasa: azara talatin da ɗaya, bango ɗaya da rabi, da soron ƙasa na ƙarshe a gidanmu.