Ranar da Na Kira Sunan Surukina a Ƙofar Gida

Na tsufa, abubuwa da yawa sun zube mini daga kai, amma akwai wata safiya da na san ba za ta bar ni ba sai ranar da aka kai ni makwancina. Ita ce safiyar sunan haihuwata ta biyu. Har yau in na tuna sai in ji fuskata ta ɗauki zafi, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

A wani ƙauye muke kusa da Gangara, cikin Damargu, a shekarun da Nasara suka ɗauke mazaunin gwamna daga Damagaram suka mayar Yamai. Mu dai a bakin fatake muke jin irin wannan labari, abin da ya dame mu gero ne da ruwan rijiya. Ina yarinya ɗanya a lokacin, ina zaune gidan iyayen mijina, da ɗa namiji guda. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin mijina aka sa masa. Kunya biyu ke nan ta haɗu a kansa. Ba na ɗaukarsa a gaban mutane, ba na yi masa wasa, sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakina ba. “Yaron nan” nake cewa, ko “wancan”. Haka na ga uwata ta yi da yayanmu, haka ni ma na yi, ana yabona da kawaici.

Sai kuma na yi kwanika, wato ciki ya shiga tun ban yaye shi ba. Wadda ba ta zauna ƙauye a wancan zamani ba, ba za ta san nauyin wannan abu ba. In na je rijiya sai hira ta tsaya, a dubi cikina a dubi goyona. Uwar mijina, wadda nake kira Iya, ita ta yaye shi. Maɗaci kawai ta shafa mini a nono, ta ɗauke yaron ta mayar ɗakinta. Ya yi kuka har muryarsa ta dushe, ya rame, ni kuwa ko leƙa shi ba na iya yi, kada a ce ba ni da ta ido.

Da na haifi mace sai abin ya dawo sabo. Ina ɗakin jego, daga wankan tafasasshen ruwa sai kunun kanwa, jaririya ba ta barina in runtsa. Shi kuma yaron, wanda ya fara mantawa da nono, da ya ga ana ba wata sai ya tuna. Yakan zo ya tsaya bakin ƙofa da yatsa a baki yana kallonmu. Ya koma yin fitsari a tsaye inda yake, abin da ya riga ya bari. In ya matso, sai in ce, “Je ka wurin Iya.” Ya tafi, jim kaɗan ya dawo ya sake tsayawa.

Ranar suna gida ya cika tun da sassafe. Maza suna ƙofar gida tare da surukina da malamai, an raɗa suna, ana fiɗar rago. Ɗakina kuwa dangin miji ne maƙil, har da waɗanda suka zo daga Tarka a kan jakuna. Ina zaune bakin gado na sunkuyar da kai, jaririya tana sha, sai ga shi ya ratso tsakanin ƙafafun mata. Ya hau cinyata, ya kama zanina ya ja, ya ce da ƙarfi, “Inna, nono!”

Ɗaki ya ɗauki dariya. Wata gwaggon mijina ta ce, “Ai ba laifinsa ba ne, ba a bar shi ya ƙoshi ba.” Ƙanwar mijina, wadda muke wasa da ita, ta ƙara da cewa, “Ba shi ɗaya mana, ba biyu ba ne? Ke kika gayyato su tare.”

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban san lokacin da na sa hannu na ture shi ba. Ya faɗi zaune daɓas. Na zaci zai yi kuka, amma bai yi ba. Ya dube ni, ya miƙe, ya fita. Wata tsohuwa ta ce, “Madalla, yarinya mai kunya.” Ni kuwa har na ji daɗin wannan yabo.

Hantsi ya ɗaga, aka kawo abinci, sai Iya ta leƙo ta ce, “Maigidan nawa yana nan wurinku?” Haka take kiransa, tunda sunan mijinta gare shi. Aka ce ai ya fita tun ɗazu. Ta ce ita kuwa ta ɗauka yana wurina. Aka duba ɗakinta, aka duba madafa, aka leƙa gidajen maƙwabta. Babu shi. Ina jin muryoyi a tsakar gida suna ta ƙara sama, ina zaune kamar ba ɗana ake nema ba, don ba a san uwa da tambayar ɗan fari ba. Sai na ji wata ta ce, “A duba rijiya. An bar ta a buɗe saboda ɗiban ruwan suna.”

Wanda ya san rijiyoyin Damargu ya san zurfinsu, in ka leƙa ba ka ganin ruwa sai duhu. Ban tuna wa na miƙa wa jaririya ba. Na dai ga kaina a waje, ba kallabi, ba mayafi, zani ɗaya ɗaure a ƙirji, ni da ko tsakar gida ba na fita sai wanka. Na keta ta cikin maza a ƙofar gida ina gudu ina ihu. Kuma abin da nake kira sunansa ne na yanka, sunan surukina, tsirararsa, ina maimaitawa iyakar ƙarfina.

Tsohon yana zaune bisa buzu tsakanin malamai. Da ya ji sunansa ya ɗago kai a firgice ya ce, “Na'am?” Idona ya faɗa cikin nasa. Duk da halin da nake ciki na ga malamai sun sunkuyar da kai, na ga mijina ya daskare da wuƙar fiɗa a hannu. Ban tsaya ba.

A bakin rijiya har an fara ɗaura wa wani igiya a ƙugu zai sauka. Na durƙusa ina leƙawa, mata biyu suna riƙe da ni. A nan ne muka ji ƙanwar mijina tana ƙwala kira daga bayan rumbuna: “Ku zo! Ga shi nan! Ku zo ku gani!”

Akwai wata jar akuya ta surukina da ke ɗaure a turke a inuwar rumbu, ba ta daɗe da haihuwa ba. Yarona yana kwance ƙarƙashinta cikin kashin awaki, ya kama nononta da hannu biyu, ya sha har barci ya ɗauke shi, bakinsa duk madara. Akuyar tana tsaye tana tuƙa, ba ta ko motsa ba. Ɗanta kuma yana gefe yana jiran a ba shi wuri.

Mutane suka fashe da dariya, irin dariyar da ke zuwa bayan tsoro. Ni ban yi ba. Dabba ta tsaya masa cik, ni da na haife shi na ture shi don a ce ina da kunya. Na sunkuya na ɗauke shi a gaban kowa, na rungume shi ina kuka. Ya buɗe ido ya gan ni, sai ya maƙale wuyana. Sai a lokacin na tuna yadda nake, kai buɗe, gaban rabin gari. Iya ce ta cire mayafinta ta rufa mini, ta ja ni ciki.

Na yi kwanaki ko bakin ƙofar ɗaki ba na son zuwa. Labari ya kai har kasuwa, yara suna ce masa ɗan akuya. In na ji tarin surukina a tsakar gida sai in ja bargo in rufe kaina. Wata rana bayan wankan yamma Iya ta shigo da ƙoƙon madarar akuya mai ɗumi, ta zaunar da yaron kusa da ni.

Ta ce, “In za ki ba waccan, ki ba wannan nasa. Da hannunki.”

Na ce, “Iya, da wane ido zan dubi Baba?”

Ta ce, “Shi ya aiko ni. Ya ce akuyar ta zama ta takwaransa. Ya kuma ce tun da uwarsa ta rasu ba wanda ya kira shi da ƙarfi haka.” Ta yi dariya. Can ta ce, “Ni ma da laifina. Na ɗauke miki shi, ban ce ki zo ki gan shi ba.”

Daga ranar haka muke yi. Jaririya a hannun dama, shi a jingine da ni ta hagu yana shan madararsa, wani lokaci ya kama ƙafar ƙanwarsa yana ƙirga mata yatsu da yarensa. Fitsarin tsaye ya tafi, ya daina tsayuwa bakin ƙofa. A gaban mutane na ci gaba da kawaicina, ban kuma sake kiran sunan nan ba har tsohon ya bar duniya. Amma in mun shiga ɗaki, cinyata tasu ce su biyu.

Abin da na koya shi ne, kunya ta manya ce, su suka san ma'anarta. Yaro ƙarami bai san kawaici ba, abin da ya sani kawai an jawo shi ko an ture shi. Shi ya sa duk 'yar da na je wa zaman jego, kafin in karɓi jaririn sai na tambaye ta ina babban, in ba ya kusa in ce a nemo shi a zaunar da shi jikin uwarsa.