Finafinan Baba da Koren Layi

Injiniya ake ce mata a gida, ko da yake ba ta taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba. Tun tana ƙarama ta kwance rediyon babanta ta mayar, ƙusoshi suka yi saura, rediyon kuma ya ci gaba da magana. Daga ranar sunan ya bi ta. Yanzu tana aiki a wani shagon buga takardu da ke kusa da tashar mota, inda take yin hoto, ta gyara rubutu, ta ɗora wa mutane bidiyonsu a faifai. Mace ce mai yarda da hannunta, har yardar takan yi ɗan yawa. In na'ura ta ƙi aiki ba ta tsoro, haushi take ji, kamar an yi mata rashin kunya.

Da Baba ya rasu, cikin abin da ya bari har da wata baƙar ma'ajiyar finafinai mai girman bulo, wadda ake jona wa kwamfuta, tana da nata wayar wuta daban. Finafinan ciki ba a kasuwa aka saye su ba. Baba direba ne da ya ajiye aiki, kuma bai yarda da sayen abin da talabijin ke nunawa kyauta ba. Sai ya jingina wayarsa da kofi a kan tebur, ya saita ta a fuskar talabijin, ya ɗauke fim tun daga farko har ƙarshe. Hoton a karkace yake, ga inuwar labule. Amma kowane fim cike yake da muryarsa, yana dariya, yana tari, yana yi wa jarumi faɗa don bai iya riƙe sitiyari ba. Ban da nan, babu inda muryar Baba ta rage a duniya.

Sai ma'ajiyar ta fara wani ƙara, ƙas-ƙas, kamar ana taunar tsakuwa. Injiniya ta san ma'anar wannan ƙara: abin ya kusa mutuwa, kuma duk kunnawa ɗaya rage masa kwana take yi. Mama kuwa na'urar faifai kaɗai ta iya sarrafawa, kuma ta ce ma'ajiyar ba za ta bar gidan ba. Don haka sai an juya kowane fim zuwa irin tsarin da na'urar ke karantawa, sannan a ɗora a faifai, duk a falon Mama.

"Kwantar da hankalinki, Mama," in ji Injiniya. "Wannan ai aikina ne. Kafin in dawo ya gama."

Ta jona komai, ta ga koren layin da ke nuna ci gaban juyin ya fara rarrafe a fuskar kwamfuta, ta tafi aiki. Da ta dawo da yamma layin na tsaye a tsakiya, ga saƙo a kai cewa an katse juyin. Washegari haka. Rana ta uku ma haka, ƙarar kuma ta ƙaru.

Yayanta, wanda iliminsa na kwamfuta bai wuce kashewa da kunnawa ba, ya bugo waya da shawara.

"Ki kashe ki kunna mana."

"Yaya, kunnawar ce ke kashe shi. Ka bar ni da aikina."

Ta bi abin daki-daki. Ta canza wayar da ke haɗa ma'ajiyar da kwamfuta. Ta hana kwamfutar yin barci. Ta ɗaga ta a kan littattafai don iska ta shiga, ko zafi ne. Ta lura cewa ba wuri ɗaya layin ke tsayawa ba, yau kusa da farko, gobe can gaba, wato laifin ba na fim ɗin ba ne. A nan ne tsoro ya fara shigarta, karo na farko a aikinta, kuma ba ta gaya wa kowa ba.

Batir ne ya tona asirin. Wata yamma ta dawo da wuri, ta ga kwamfutar da ta wuni jone da wuta batirinta bai cika ba. Ta tambayi maƙwabta, suka ce ba a ɗauke wuta ba. Ta tsaya tana kallon soket ɗin bango, wanda fanka da komai ke jone a jikinsa.

"Mama, in za ki shiga ɗaki ki kwanta da rana, me kike yi a falo?"

"Me zan yi? In kashe soket, in ja ƙofa. In na fito in kunna fankata." Mama ta ɗan ɗaga kai. "Babanki bai taɓa barin soket a kunne a ɗakin da ba kowa ba. Ni ma ba zan fara ba."

Kwamfutar tana da batir, shi ya sa ba ta taɓa mutuwa ba. Ma'ajiyar ce ba ta da shi. Kullum ana yanke mata wuta tana tsakar aiki, a mayar kafin Injiniya ta dawo. Ta yi wa Mama bayani a hankali. Mama ta juya ta kalli ma'ajiyar.

"Kenan ni nake kashe shi?"

"Da ma ya tsufa, Mama. Amma kashe wutar bai taimaka ba." Ba ta iya yi mata ƙarya ba, kuma ta ji tausayinta.

Injiniya ta ɗauki hutu daga shago. Ta share nata finafinan da waƙoƙin da suka cika kwamfutar, ta sami wuri, ta fara kwashe na Baba zuwa ciki tukuna, juyi ya biyo baya a natse. Mama ta jawo kujera ta zauna gadin soket, ko barcin rana ba ta yi ba. Jikarta ta zo za ta sa caji, aka kore ta kamar ta zo sata.

Ɗaya bayan ɗaya finafinan suka haye. A na ƙarshe, bai kai rabi ba, ma'ajiyar ta yi ƙas ta yi tsit. Injiniya ta gwada duk dabarar da ta sani, ba ta sake motsi ba. Ta juya guntun da ya samu, ta ɗora shi a faifai tare da sauran, ta rubuta wa kowanne suna da manyan baƙaƙe.

Guntun Mama ta ce a fara sa mata. Suka zauna da hantsi, hoton ya fito a karkace. Motoci na tsere, Baba na tsaki. Can sai muryarsa ta juya daga talabijin, ta ɗaga, tana kiran wanda ke cikin gida.

"Ke, bar wankin nan ki zo ki ga wannan. Yi sauri, zai wuce."

"Na'am, ga ni nan," in ji Mama. Har ta dafa hannun kujera za ta tashi.

Daga nan fim ɗin ya yanke. Mama ta koma ta zauna, ta goge ido da gefen mayafi.

"Ranar ban zo ba," ta ce. "Mayar min da shi baya, Injiniya."