Buhun Ɗan Gwangwan

A shekarar da na shiga aji biyar na sakandare, mu kaɗan ne muka zaɓi darasin adabin Turanci. Yawancin 'yan ajinmu sun gudu, sun ce Turancin da ake fama da shi ma bai zauna ba, ina dalilin ƙaro wani. Makarantarmu ta jeka-ka-dawo ce, tana tsakiyar gonaki, arewa da Ɗanbatta kaɗan. Ba ta da katanga. Inda filin ƙwallonmu ya ƙare, nan gonar gyaɗar wani ta fara. A wajenmu ba a barin ƙasa ta zauna haka nan: gida, gona, gida, gona, har baƙo ya kasa gane inda wannan ƙauye ya tsaya wancan ya soma.

Malamin da ke koyar da mu dogo ne siriri, ƙafarsa ta hagu ta shanye tun yana yaro. Kullum daga Ɗanbatta yake zuwa a kan wani tsohon babur da sai an tura yake tashi. Littafin da aka sa mana a wannan zangon an rubuta shi ne a Amurka tun kakanninmu na samari. Kwafi ɗaya ne a duk makarantar, na Malam, bangonsa ya sha liƙi. Shi yake yi mana fotokwafi babi-babi, mu haɗa kai a kan takarda ɗaya muna bi da yatsa. Idan ya karanta ɗan yanki da Turanci, sai ya rufe littafin ya jingina da tebur ya sake ba mu labarin da Hausa, kamar wani abu da ya faru a garinsu.

Labarin wani ƙaramin gari ne, inda aka ɗora wa wani baƙar fata laifin da bai aikata ba, mutanen gari kuma suka yanke masa hukunci a zukatansu tun kafin a kai shi gaban alƙali. Abubuwa da yawa a ciki ba mu gane su ba. Irin gidajensu, irin abincinsu, yadda yaro yake mayar wa babba magana ba a mare shi ba. Amma zaluncin mun gane shi sarai, kuma ya ba mu haushi, irin haushin da ake ji da daɗi saboda abin a nesa yake.

Wanda ya fi kowa shiga littafin nan shi ne abokin zamana a benci. Ɗan gidan mahauta ne a ƙauyenmu, rigarsa kullum da ɗan ƙaurin hayaƙi da kitse. Rubutunsa ba ya karantuwa, amma bakinsa kamar wuƙar gidansu. Wata rana ya katse Malam a tsakiyar karatu ya ce, "Malam, to wai duk garin nan babu mai hankali ko ɗaya?"

Malam ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Akwai su da yawa. Suna cikin taron masu zarginsa."

Bai gamsu ba. Abin da ya fi burge shi shi ne wurin shari'a, yadda mutum zai miƙe tsaye a gaban jama'a ya ce a kawo shaida. Ya ɗauki wannan ya riƙe. Ko biro ya ɓata a aji aka ce wane ne, sai ya buga benci ya ce, "Wa ya gani? Ina shaida?" Har muka koma tsokanarsa da lauya, shi kuma yana jin daɗin sunan.

Lokacin kaka ne, ana ta cirar gyaɗa, ajin kullum rabi, don iyaye sun janye yara zuwa gona. A daidai wannan lokaci wata magana ta cika gari, wai ɓarayin yara sun shigo yankin. Saƙonnin murya suna ta yawo a wayoyi, kowane da muryar wani da ba wanda ya sani, yana rantsuwa cewa a gabansa aka yi. Wani ya ce a mota suke zuwa, wani ya ce a buhu suke sa yaran. Babu gidan da aka rasa yaro a duk ƙauyukan da muka sani, amma mata sun daina aiken ƙanana ko bakin rijiya.

Ranar kasuwar ƙauyenmu, bayan la'asar, ina tare da Baba a layin masu gyaɗa, ina riƙe masa bakin buhu yana awo. Sai muka ji ihun wata mata daga wajen masu kayan miya, tana kiran sunan 'yarta. Yarinya ce 'yar shekara huɗu ko biyar, ta ce yanzu-yanzu tana gefenta, ta juya ba ta gan ta ba. Kafin ka ce me, kasuwa ta hautsine. Mutane suna gudu ta ko'ina, kowa na tambayar kowa.

Akwai wani ɗan gwangwan da ya shigo kasuwar a ranar, irin masu yawo ƙauye-ƙauye suna sayen tsofaffin ƙarafa da fasassun robobi. Ba ɗan wajenmu ba ne. Yana tura keke, da wani ƙaton buhu ɗaure a baya, ya nufi hanyar fita. Ban san wanda ya fara nuna shi ba. Na dai ji an ce, "Ga shi can! Ga mai buhu can!" sai kasuwar gaba ɗaya ta karkata wajen, kamar an tuntsurar da ruwa.

Na saki buhun gyaɗa zan bi su, Baba ya damƙi wuyan rigata. "Ina za ka? Tsaya nan!" Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Daga inda muke, bayan mutane kawai nake gani, da hannuwa suna sama suna ƙasa. Na hango limamin ƙaramin masallacin kasuwa yana kutsawa yana ɗaga hannu, aka ture shi, rawaninsa ya warware. An ɗan yi tsit na wani ɗan lokaci, har na ɗauka abin ya lafa. Sai kuma wani irin ihu ya tashi, wanda ya fi na farko muni. Baba ya ɗaure buhunansa, ya ja ni muka bi ta bayan rumfuna muka tafi gida. Duk hanya salati yake yi.

Ba a yi sallar magariba ba aka ga yarinyar. Wata maƙwabciyarsu ce ta tafi da ita injin niƙa, tana zaton uwar ta gani. Aka dawo da ita da gari a gashinta, tana tsotsar rake. Shi kuwa ɗan gwangwan, wasu suka sa shi a bayan akori-kura za su kai shi asibiti, ya cika a hanya.

Washegari 'yan sanda suka zo. Wani ya ɗauki abin a waya, kuma bidiyon ya riga ya bazu. Suka kama mutane da dama, cikinsu har da yayan abokina, wanda shi ke riƙe da teburin naman gidansu tun da mahaifinsu ya kwanta ciwo. An ce a bidiyon an gan shi da sandar da ake rataye nama.

Da muka koma makaranta, wurin abokina a benci babu kowa. Malam ya shigo da littafin a hammata, ya ajiye a tebur, ya daɗe yana kallon gonar gyaɗa ta taga. Mun ɗauka zai yi mana faɗa, ko ya ce ga abin da littafi ke faɗa. Sai kawai ya tambaya ko akwai wanda ya san sunan mutumin. Babu wanda ya sani. Ya ce mu yi masa addu'a haka nan, Allah Ya san shi. Muka shafa. Sannan ya ce kowa ya karanta takardarsa a zuci, ya fita ya zauna a kan baburinsa a gindin darbejiya har aka kaɗa ƙararrawa.

Bayan 'yan kwanaki na je neman abokina. Na same shi a gonarsu shi kaɗai, yana tsinkar gyaɗa a rana, bai ko matsa inuwa ba. Na zauna na taya shi. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ka san ina wurin?"

Na ce na ji.

Ya ce, "Ina gaba-gaba. Da suka kama shi, sai tambayarsa suke ina yarinya, shi kuma i'ina gare shi. Yana so ya yi magana, ta ƙi fita. Suka ce ka gani, ya kasa magana. Sai na hau kan turmin wata mai fura na ce ku tsaya, wa ya gan shi da yarinya? Na ce ga buhu nan, a buɗe mana, in babu komai a sake shi. Kuma wallahi sun tsaya. Sun saurare ni."

Shi ne tsit ɗin da na ji daga layin masu gyaɗa.

Ya ce, "Ni na kwance igiyar da hannuna. Na zazzage. Gwangwanaye, tsohuwar tukunya, guntayen ƙarafa. Sai takalma. Silifa na yara, tsinkakku, da yawa, ƙanana-ƙanana. Ka san suna sayen tsohuwar roba. Kowa ya sani. Innarmu ma ta sha sayar musu. Amma wata mata ta ɗaga ɗaya sama ta ce ga takalman yaran da ya kwashe." Ya murƙushe ɓawon gyaɗa a tafinsa. "Daga nan ban ƙara jin muryata ba ma. Ina cewa roba ce, roba ce yake saya. Sai na ga yaya ya wuce ta gabana."

Na ce masa ai alheri ya nufa, ko bai buɗe buhun ba abin da za su yi ke nan. Ya ce, "Wa ya sani?" Ya ce mutumin ya kalle shi lokacin da yake kwance igiyar, yana gyaɗa masa kai, wato buɗe, buɗe su gani.

Na faɗa wa Malam abin da na ji, don na rasa wanda zan faɗa wa. Ranar da aka tashi makaranta bai nufi Ɗanbatta ba, ya ce in hau bayansa in nuna masa gidan. Suka zauna a zaure shi da abokina, ni ina bakin ƙofa. Malam ya ce masa, "Abin da ka yi shi ne daidai. Da za a sake, shi zan ce ka yi."

Abokina ya ce, "Malam, da za a sake, da shiru zan yi."

Malam bai yi masa musu ba. Ya roƙe shi ya dawo makaranta ko da jarrabawa ce ya zana. Abokina ya ce to, amma duk mun san ba zai dawo ba. Uba na kwance, yaya na tsare, kuma sai an yanka an sayar gidan zai ci.

Mun ƙarasa littafin kafin hutu. Babu wanda ya ƙara katse Malam da tambaya, shi ma ya rage sake ba da labarin da Hausa. Ya karanta, mu rubuta ma'anar kalmomi, ya ba mu irin tambayoyin da ke fitowa a jarrabawa. Lokacin da muka zo inda mutanen garin suka taru a kan mutumin, wani yaro a bayan aji, wanda kawunsa ma yana cikin waɗanda aka kama, ya tashi ya fita ba tare da neman izini ba. Malam ya ci gaba da karatu da murya ƙasa-ƙasa.

Wajen ƙarshen kaka wani tsoho ya sauka a ƙauyenmu, ya nemi gidan mai gari. Mahaifin ɗan gwangwan ne, daga wani gari can gabas. Bai yi faɗa ba, bai zagi kowa ba. Ya ce keken ɗansa ya zo karɓa, don marigayin ya bar iyali, kuma ƙaninsa zai iya ci gaba da sana'ar. Aka fito da keken daga zauren mai gari, ƙafar gaba ta lanƙwashe, ba ya turuwa. Dattawa suka yi ta ba shi haƙuri, yana cewa ba komai, kwana ne ya ƙare. Ya tambaya ko ɗansa ya samu ya yi kalmar shahada. Dattawan suka sake ba shi haƙuri.

Abokina ne ya ɗauki keken a kafaɗa ya kai masa bakin titi, inda ake tsayar da motocin Kano. Na bi su a baya. Tsohon bai san ko shi wane ne ba. Da aka ɗaure keken a saman mota, ya dafa kan abokina ya ce, "Allah Ya yi maka albarka, yaro. Allah Ya raba ka da sharrin mutane." Abokina ya durƙusa ya ce amin. Da motar ta tashi, ya juya cikin karan dawa ya yi ta amai.

Shari'ar yayan nasa ta daɗe ana ɗagawa. Mahaifinsu ya rasu bai ga ƙarshenta ba. Suka sayar da 'yar gonar da na same shi a ciki, wani ya kafa gidan kaji a wurin. Bayan shekara ɗaya ko biyu abokina ya bi wasu 'yan uwansu kudu sayar da tsire, kuma tun daga nan sai dai in ji labarinsa a bakin mutane. An ce ya yi aure a can, ba ya zuwa gida ko da salla. Malam kuwa an yi masa canjin wurin aiki bayan mun gama, ba a kawo wani ba, sai aka daina darasin a makarantar.

Yarinyar tana nan, ta girma. Uwarta ba ta ƙara kasa kaya a kasuwar ba. Yarinyar ce yanzu take kawo kuɓewa da yakuwa ranar kasuwa, tana zama can ƙarshen layi. Tana da yawan shiru, kuma idan baƙo ya tsaya ciniki a gabanta, ba ta ɗaga kai ta dube shi.