Jan Keke Mai Madubi Biyu

Mijin yayata ya shekara goma sha tara yana riƙe da makullan sito a kamfanin sabulu. Aikinsa bai da wuya: ƙarfe bakwai ya buɗe ƙofa, lebura ashirin da shida su shiga. A unguwa Ɗan Gayu ake ce masa, don tun yana saurayi ƙyalli yake saye, ba kaya ba. Agogon hannu uku gare shi, babu mai motsi ko ɗaya.

Da suka tare a sabon gida can bayan gari, motar haya ta fara kunyata shi. Sau biyu ya makara a wata guda. Manaja ya ce in ya cika na uku, ya ajiye makullan a kan tebur. Yayata ta kira ni: "Don Allah raka shi ya nemi tsohon keke mai sauƙin kuɗi. In ya je shi kaɗai, ka san hali."

Na fara auna hanyar da kekena: minti talatin da huɗu, ramuka goma sha bakwai, gangare ɗaya. Sannan muka je rumfar mai faci, inda tsofaffin kekuna bakwai ke jingine da bango.

Tsohon keke ba a zaɓensa da ido. Ka ɗaga taya ka juya, ka ƙirga zagayen kafin ta tsaya. Ka ƙirga wayoyinta. Ka bi kowace mahaɗa da yatsa. Wani baƙi mai koɗaɗɗen fenti ya ba ni zagaye arba'in da ɗaya, waya talatin da shida cif. Na ce masa, "Yaya, ga naka."

Ko waiwayowa bai yi ba. Yana gaban wani ja mai madubi biyu, yana gyara hula.

Na juya tayar jan, zagaye tara ta tsaya. Waya uku babu. A wuyansa na ji wani ƙululu ƙarƙashin sabon fenti.

"Yaya, an yi masa walda a wuya."

"Kai dai Akawu, ko gaisuwa ƙirgawa kake yi. Ni da matsayina in hau wancan? Ai sai a ce itace na zo sayarwa."

"To hau shi mana, ka zaga layin nan sau ɗaya."

"Da farin yadin nan? Ka ga sarƙa kuwa?"

Mai faci ya sunkuyar da kai. "Maigida, gaskiya baƙin ya fi ƙwari."

"Ƙwari zan kai ofis?" Ya kaɗa ƙararrawa sau biyu, ya yi murmushi. Gwajin ke nan gaba ɗaya, ya biya kuɗin jan.

Kwana takwas ya yi yana isa a kan lokaci, kullum sai ya aiko mini da saƙo: "Akawu, ƙirga." Na kuwa ƙirga. Ran na tara, a ramin da ke ƙasan gangaren, wuyan keken ya rabu. Allah ya tsare, guiwa kawai ya ɗaye. Daga nan zuwa kamfani tafiyar minti goma sha ɗaya ce a ƙafa, saura minti goma sha biyar gare shi. Da ya kama hanya a ƙafa, da ya isa. Amma bawan Allahn nan sai ya tsaya kwance madubai, wai kada a sace.

Bakwai da ashirin ya iso, madubi a kowace aljihu. Lebura ashirin da shida na zaune a gindin katanga, manaja na tsaye da hannu a miƙe.

"Ranka ya daɗe, tsautsayi ne."

"Makullai."

Yanzu kwalayen sabulu yake jerawa a ƙarƙashin wanda shi ya koya wa aiki. Baƙin keken wani tela ya ɗauka, kullum sai ya wuce ta ƙofar gidansu ɗauke da buhun yadi. Maduban kuwa suna rataye a falo, ɗaya bakin ƙofa, ɗaya saman rediyo. Ranar da na je duba shi, a gaban na bakin ƙofar na same shi, yana gyara hula.