Motar da Ba Ta Kuka

Yayana da kunne yake gyaran mota. Wani makaniki sai ya kwance rabin inji kafin ya gano ciwo, shi kuwa guntun rodi gare shi. A ta da mota, ya kafa bakin rodin a jikin inji, ya manna ɗaya bakin a kunnensa, ya runtse ido. Can sai ya ɗago ya ce wuri kaza ne. Da wannan kunnen ya ci abinci a garajin kamfanin ma'adinai na Akokan, dab da Arlit, tun muna sababbin zuwa daga Damagaram. Da aka rufe ramin uraniyom, mutane suka watse, ya kafa rumfar kwano a bakin hanya, kunnen ya ci gaba da ciyar da gidansa. Ba shi da gona, ba shi da wata sana'a.

Ni shofer ne, ina jigila tsakanin Arlit da Assamaka a wata tsohuwar mota kat-kat da ta girmi 'ya'yana. Hanyar ba rijiya, ba inuwa. In mota ta mutu maka a can, sai abin da Allah Ya yi. Shi ya sa mu masu bin ta ba ma ɗaukar fasinja sai mun biya rumfar Yaya ya saurari inji. In ya gamsu, ya daki murfin injin da tafin hannu ya ce, "Tafi, Allah Ya kiyaye hanya." Wallahi wannan dukan ya fi mana takardar kowane ofis.

A rumfar nan muke shan shayi da hantsi. Wata rana wani abokinmu Ba'abzine, mai tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, ya zo da bidiyo a salula. "Ku gani," in ji shi, "motan nan bai shan esansi, bai shan gazuwal. Kuran kawai yana sha." Nan musu ya kaure. Wani ya ce kafin yaranmu su yi aure an daina ƙera mai inji. Ni na ce a kai kasuwa! Kuran ɗin, wato wutar lantarkin da ake turo mana daga tashar Anu Araren, ya zo in ya ga dama, masu sayar da ƙanƙara suna kuka, wanda bai samu na fanka ba ina zai samu na mota? Abin da ya fi ƙona mini rai, na faɗa musu: an kwashe dutsen da ke ƙarƙashin ƙafarmu an kai inda zai zama wuta, can ake cika motocin nan, mu an bar mana tsibin ƙasa a bayan gari da gidajen da ba kowa.

Yaya bai shiga musun ba. Ya karɓi salular ya kai kunne ya ce a ƙara murya. Ba'abzinen ya ce ta kai ƙarshe, motar ce ba ta kuka. Yaya ya jima yana kallo, sannan ya ce, "To in ta yi ciwo, da wane baki za ta faɗa?" Muka yi dariya, muna tsokanarsa cewa ya fara neman wanda zai sayi rodi. Na ce masa, "Kwantar da hankalinka, Yaya, ko jikokinka ba za su gan ta a Akokan ba." Ya mayar wa Ba'abzinen salularsa.

A lokacin matarsa ta fara ƙorafi cewa sai ta yi ta magana yana kallon bango. Na ce mata miskilanci ne na tsufa, ta yi haƙuri.

Da bazara, ana gobe zan tafi Assamaka, na ji kamar wani siririn fito a gaban injin. Na faɗa masa. Ya kafa rodi, ya daɗe fiye da yadda ya saba, ya sauya kunne, sannan ya daki murfin. Ni wa zan yi wa gardama? Na ɗebi mutane na kama hanya.

Mun yi nisa, inda ba gaba ba baya, famfon ruwan injin ya watse, tururi ya turnuƙe. Cikin fasinjojin har da mace mai goyo. Muka rakuɓe a inuwar mota muna raba ruwan jarka a murfi. Kukan jaririn nan ya yi ta raguwa har ya koma numfashi kawai, uwar tana jiƙa bakin zane tana matsa masa. Na tsorata tsoron da ban taɓa yi ba. Sai washegari Allah Ya kawo wani kamiyo, ya ba mu ruwa, ya jawo mu gida. Jaririn ya rayu.

Ban ko wanke fuska ba na sa aka sauke motar a gaban rumfa. Na same shi ya ba ni baya, yana wanke wani ƙarfe a kwanon esansi. Tun daga bakin rumfa na fara. Na ce ya kusa kashe mu, na ce in ya gaji da aikin ya faɗa, na ce abin da ƙane ba ya faɗa wa wa. Maƙwabta suka leƙo. Shi ko gezau, wankinsa yake. Na ɗauka raini ne, na matsa har inuwata ta faɗa kan kwanon. Sai ya waiwayo, fuskarsa ta washe, ya ce, "A'a, har ka dawo? Ya hanya?"

Sai a nan na gane. Duk abin da na faɗa, ko kalma ɗaya ba ta shige shi ba.

Na ta da motar. Ƙarar famfon ta cika unguwa, mai shayi ma sai da ya toshe kunne. Yaya ya ɗauko rodinsa ya kafa. Ya sauya kunne. Ya dube mu, ya ga fuskokinmu, ya sauke rodin a hankali. "Ina jin yana rawa a hannuna," in ji shi, "amma ba ya yi mini magana." Ya zauna a kan tsohuwar taya. "Kuna ta musun yaushe motar da ba ta kuka za ta zo. Ni tun bara ta iso mini. Duk motocin garin nan haka suke yanzu."

Mun je asibiti a Agadas, aka ce abin da ya tafi ba zai dawo ba. Labari kuwa ba ya kwana a tasha. Ɗaya bayan ɗaya masu bin hanya suka daina biyowa, kuma ban ga laifinsu ba, rai ɗaya ne. Yanzu facin taya yake yi, in an samu. Baƙin ciki nake duk na tuna ni na ce masa ya kwantar da hankali.

Har yau in zan yi tafiya rumfarsa nake fara zuwa. Ya kafa rodi, ya runtse ido. Daga nan nakan shiga cikin garin Arlit, wajen wani makaniki, a sake dubawa. Ya san ina zuwa, ni ma na san ya sani. Duk da haka sai ya daki murfin ya ce, "Tafi, Allah Ya kiyaye hanya." Ni kuma in ce amin da ƙarfi, ina fuskantarsa, don ya gani a bakina.