Mama Sisiliya, Wa Zai Riƙe Mana Istifanus?

Da safiyar Talata, sha huɗu ga watan Yuli, Allah ya karɓi ran surukata, Mama Sisiliya Habila, a ɗakinta da ke nan Jega, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Fada, limamin cocinmu, ya zo ya shafe ta da mai, ya ba ta Jikin Kristi, bai kai ga fita unguwa ba ta cika. Ni ce na rufe mata idanu.

Mama, duk wanda ya taɓa sauka a tashar motar Jega ya san rumfarki ta tuwo. Direbobin da ke ɗauko albasa daga Aliero, da masu acaɓa, da Fulani masu kawo shanu kasuwa, kowa benci ɗaya yake zama. Ba na manta ranar da wani baƙo ya yanke jiki ya faɗi a bakin rumfar, ya mutu. Mutane suka zagaye shi suna tambayar ko Musulmi ne ko Kirista, don a san wanda zai taɓa shi. Kika kwance mayafinki kika lulluɓe shi, kika zauna kina kore masa ƙudaje har aka zo aka ɗauke shi. Da muka koma gida kika ce mini wata mace ce ta yi naƙudarsa, kuma cikin siffar Allah aka halicce shi, wannan ya ishe ki sani.

Shekaru biyu da suka wuce, 'yan bindiga suka tare motar ɗanki na ƙarshe, Barnabas, can gaba da Maiyama, suka harbe shi. Ba a daɗe da binne shi ba, ranar kasuwa, wani ya ce ya ga Gado yana waya a ranar da abin ya faru, wai shi ya sanar da 'yan bindigar. Gado makiyayi ne, matarsa ce ke kawo miki nono da man shanu tun ina amarya. Kafin labari ya iso rumfa, samari sun riga sun kayar da shi a kasuwar dabbobi, sun fasa masa kai, wani ya tafi nemo fetur. Maigidana Istifanus, yayan Barnabas, yana gaba da adda a hannu.

Kika ajiye ludayi kika miƙe. Na bi ki ina riƙe da gefen zaninki, don na ga idanun mutanen nan, waɗanda muke gaisawa da su kullum, kuma ban gane ko ɗaya ba. Kika ratsa su har tsakiya, kika zauna a ƙasa kusa da Gado, kika ɗora kansa mai jini a cinyarki. Ba ki ɗaga murya ba.

"Ni ce uwar wanda aka kashe," kika ce. "Ba wanda ya fi ni ciwo a nan. Na binne ɗa ɗaya, ba zan zauna a mayar mini da ɗayan mai kisan kai ba. Istifanus, in ka ga dole sai ka sara, fara ta kaina."

Har yau ban san abin da zai faru ba da a ce mai fetur ɗin ya riga 'yan sanda isowa. Suka tafi da Gado, suka bincika, ba su same shi da komai ba, suka sake shi.

Istifanus bai yafe miki wannan rana ba. Ya daina shiga ɗakinki gaisuwar safe, ya daina zuwa gaban bagade karɓar Jikin Kristi, yakan tsaya can baya kusa da ƙofa har a tashi daga Misa. Ke kuwa kullum sai kin zuba masa abincinsa da hannunki kin ba ni in kai masa. Ba ki taɓa nuna mana cewa yafiya abu ne mai sauƙi ba. Wata rana muna addu'ar rozari da carbi, da muka zo wurin da ake cewa a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, sai kika dakata. Kika gaya mini cewa bakinki ne kawai ke faɗa, zuciyarki ba ta kai can ba tukuna, amma za ki yi ta faɗa har ta kai.

Ana gobe za ki rasu kika sa na kira shi. Kika roƙe shi ya yi miki alkawari ba zai zubar da jinin kowa ba, ko da an nuna masa wanda ya harbe ƙaninsa ido da ido. Ya durƙusa, ya riƙe hannunki, hawaye na zuba masa. Na kasa kunne, Mama. Bai ce komai ba.

Abin da ke ba ni tsoro ke nan. Tun da muka dawo daga maƙabarta, abokansa na wancan lokaci sun soma dawowa ƙofar gida, kuma da na fito sai su yi shiru. Na ga wani abu dogo a naɗe cikin buhu a bayan rumbu, ban buɗe ba, ban kuma tambaya ba. Jiya Gado ya zo gaisuwa daga rugarsu ta wajen Sabiyal, tabon nan na nan a goshinsa. Ya tsuguna a gaban mutane ya ce, "Wagga mata ita ta hana a kashe ni. Na zaka in ce Allah shi ba ku haƙuri." Kowa ya amsa, ban da Istifanus. Ya dube shi ya daɗe, sannan ya tashi ya shige ciki. Ni ce na raka Gado har bakin titi, ina waiwaye, na tsaya sai da na ga babur ya ɗauke shi.

Mijina ba mugun mutum ba ne, ke kika haife shi, kin sani. Shi ke goya 'ya'yanmu in ba su da lafiya. Amma ciwon nan ya zauna a cikinsa, kuma ke kaɗai yake jin nauyi. Ni matarsa ce, in na zauna a ƙasa a gabansa ban sani ba ko zai tsaya. Na gaya wa Fada, ya ce zai zo, ya ce kuma in daina ɗaukar abin ni kaɗai. Zan ci gaba da kai masa abinci, zan ci gaba da faɗin addu'ar nan da ƙarfi yadda zai ji daga ɗakinsa. Iyakar abin da na iya ke nan.

Ina miƙa ta'aziyya ga 'yarki Rifkatu da sauran dangi na Zuru, da Zumuntar Mata Katolika da kika yi wa hidima, da maƙwabciyarmu Hajiya Iklima wadda ba ta bar gidan nan ba tun ranar rasuwa, da duk mutanen tasha. Ga Istifanus kuma, wanda ya yi rashin da ya fi na kowa, Allah ya sanyaya masa zuciya.

Ya Ubangiji, ka ba baiwarka Sisiliya hutawa ta har abada, haskenka madawwami ya haskaka mata, ka gafarta mata kurakuranta, ka sada ta da Barnabas cikin salama. Mama, in kin isa gaban Yesu, ki roƙa wa ɗanki da ya rage. Har yanzu bai amsa miki ba.

Surukarki,
Monika Istifanus, Jega